Me Gwajin Jini Ke Iya Faɗa Game da Tsananin Asmar Yaro?

Duk wanda ya taɓa zama a sashen yara na asibiti cikin Disamba ko Janairu, lokacin da hazo ya lulluɓe gari, ya san wannan tambaya. Uwa ta dawo daga ɗakin gwaji riƙe da takarda, ɗanta saɓe a kafaɗa yana haki, ƙirjinsa na fito, ta miƙa takardar ta ce, "Likita, me jinin ya nuna? Asmar ta yi ƙarfi ne?" Tana da hujjar yin tambayar. Mun saba jini ya yanke mana hukunci: a ɗiga ɗigo guda a san akwai maleriya ko babu, a auna a ce jinin ya yi ƙasa sai an ƙara. To me zai hana a yi wa asma haka?

Masu bincike ma sun daɗe suna wannan fata, domin auna asmar yaro aiki ne mai wuya. Babba zai busa na'urar auna numfashi yadda aka ce masa, zai iya kakaro majina a duba ta. Yaron da bai kai shekara 5 ko 6 ba bai iya busawar ba, majinar kuma haɗiye ta yake yi. Jini kuwa ana iya ɗibarsa a kowane asibitin ƙaramar hukuma. Ga shi cutar ba ƙarama ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, ta kuma yi ajalin 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A cikin cututtukan da ke zama tare da yaro tsawon shekaru, babu wadda ta kai ta yawa.

Kafin a je ga jinin, sai an warware kalmar "tsanani", domin abu uku ake cusawa cikinta. Akwai tsananin tashin da yaro ke ciki a yanzu, wato ko zai kai safiya lafiya. Akwai yadda cutar ke damunsa a 'yan makonnin nan: sau nawa tari ya tashe shi da dare, sau nawa ya fasa makaranta, sau nawa ya nemi inhela. Sai kuma ma'anar da likitocin huhu ke nufi, wadda GINA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 don tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta tsaya a kai. A wurinta ba a sanin tsananin asma a ranar farko. Sai an yi watanni ana ba da magani, a ga wane mataki ne ya kwantar da cutar. Idan ƙaramin magani ya wadatar, asmar mai sauƙi ce. Idan an kai mataki na sama, yaron yana shaƙar maganin daidai kuma a kan kari, amma cutar ta ƙi lafawa, sannan ne za a kira ta mai tsanani. Yaran da ke wannan rukuni ba su kai ɗaya cikin goma ba. Da yawa daga cikin binciken da ke cewa sinadari kaza "yana tafiya da tsananin asma" ba su fayyace wanne daga cikin ukun nan suke nufi ba, kuma daga nan ruɗanin ke farawa.

Asma kumburi ce a cikin bututun da iska ke bi zuwa huhu. Bangon bututun ya kumbura, majina ta taru, naman da ke kewaye da shi ya tsuke, sai hanyar ta ƙuntata. A mafi yawan yaran da suka kai shekarun makaranta, masu hura wutar wannan kumburi wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira iyosinofil. Bajamushen nan Paul Ehrlich ne ya bayyana su a 1879, bayan ya lura suna shan wani jan rini mai suna iyosin. Ɓargo ke ƙera su, su ɗan yi sa'o'i cikin jini, sannan su fice su shiga naman jiki. Asalin aikinsu yaƙi da tsutsotsi ne. A jikin mai asma sai su juya makamansu kan bututun numfashi saboda ƙura, kyankyaso, gashin kyanwa, ko wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani waɗanda ke zama cikin katifa da matashin kai.

Ƙidayarsu tana fitowa a gwajin jini na yau da kullum, wanda ma'aikatan asibiti ke kira FBC. Ana bayyana ta da adadin ƙwayoyi a maikrolita ɗaya na jini, kuma lambobi biyu ne suka fi yawo a bakin likitoci: 150 da 300. A cikin dukkan alamomin kumburi da ake nema a jini, ƙidayar iyosinofil ce ta fi tsayawa da ƙafafunta, kuma ina ganin duk mai duba yara ya kamata ya iya karanta ta. Abin da take faɗa shi ne irin kumburin da yaro ke ɗauke da shi, da yiwuwar cutar ta tasar masa nan gaba, da kuma ko maganin sitiroyid na shaƙa zai karɓe shi. Wani bincike da aka yi a Amurka mai suna INFANT, wanda aka wallafa a 2016, ya bibiyi yara 300 'yan wata 12 zuwa 59. Waɗanda iyosinofil ɗinsu ya kai 300, ko aka same su da alajin abubuwan da ake shaƙa, su ne suka fi amfana da shaƙar sitiroyid kullum. Ga likitan da ke tsaye gaban ɗan shekara uku mai yawan fiton ƙirji, yana tunanin ko ya ɗora shi kan maganin yau da gobe, wannan haske ne babba.

Amma yawan iyosinofil da tsananin cuta ba koyaushe suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. A asibitin Royal Brompton na Landan, inda ake tura yaran da asmarsu ta gagari magani, an kwatanta jinin yara 88 da abin da aka gani bayan an zura na'ura cikin huhunsu, aka wallafa sakamakon a 2013. Mafi yawansu ƙidayar jininsu lafiya lau take, alhali bututun numfashinsu cike yake da iyosinofil. Wato a wurin yaran da suka fi kowa jin jiki, jinin ya yi shiru. Dalili guda shi ne maganin da suke sha mai yawa yana danne ƙwayoyin a jini fiye da yadda yake danne su a huhu. Jini hanya ce kawai da suke bi. Wurin faɗan yana can ciki.

Ƙidayar kuma ba ta zama wuri ɗaya. Takan hau da dare, ta sauka da hantsi. Zazzaɓi mai zafi yakan kwantar da ita. Ƙwayar sitiroyid ta haɗiya, firedinisolon ko deksametason, tana iya rusa ta cikin sa'o'i kaɗan. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, domin yaro mai fiton ƙirji a garuruwanmu sau da yawa ya riga ya bi ta kemis kafin ya iso asibiti, an ba shi ƙananan ƙwayoyin nan ko an yi masa allura. Idan likita bai tambaya ba, iyaye kuma ba su san sunan abin da aka ba su ba, takardar za ta nuna iyosinofil ƙasa, a ɗauka babu kumburi.

IgE, wani sinadarin garkuwar jiki, shi ne abu na biyu da ake yawan aunawa. Mata da miji 'yan Japan, Teruko da Kimishige Ishizaka, da ke aiki a Denver, da wasu masana biyu a Uppsala ta Suwidin, Johansson da Bennich, su ne suka gano shi a tsakiyar shekarun 1960, aka raɗa masa suna a 1968. Shi ne ke gane abin da jiki ba ya so ya tayar da ƙararrawa. Yara masu asma mai tsanani sukan fi sauran yawan IgE idan aka ɗauke su a dunƙule, amma tazarar da ke tsakanin yaro da yaro tana da faɗi sosai, har ba za a iya ɗaukar lambar mutum ɗaya a ce ga matakin cutarsa ba. Wanda ya fi amfani shi ne gwajin IgE na abu takamaimai, wanda zai nuna cewa yaron nan ƙwarin katifa ne abokan gabarsa, wancan kuma kyankyaso.

A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan abin da aka rubuta a Turai ke rabuwa da abin da ke gabanmu. A Nuwamban 2024 Birtaniya ta fitar da sabuwar ƙa'idar gano asma. Ga yara 'yan shekara 5 zuwa 16, idan gwaje-gwajen numfashi ba su warware batun ba, ta ba da damar a tabbatar da asma idan IgE ya hau ko an ga alajin ƙwarin katifa, sannan iyosinofil ya wuce 500. A Landan ko Manchester wannan ƙa'ida ce mai hankali, domin a can da wuya wani abu ya ɗaga waɗannan biyun tare in ba alaji ba. Yanzu a ɗauko yaron da ke wanka a madatsar ruwa ko yake taya mahaifinsa aiki a fadamar shinkafa, a Kadawa ko Bakolori ko gaɓar Kogin Neja. Tsargiya kaɗai ta isa ta kai iyosinofil ɗinsa sama da 500, ta kai IgE dubbai, alhali ƙirjinsa ƙalau. Najeriya ce ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu tsargiya. Macijin ciki da sauran tsutsotsin hanji ma haka suke yi. Ai don su aka halicci iyosinofil tun farko.

Abin bai tsaya nan ba. 'Ya'yan macijin ciki, bayan sun ƙyanƙyashe a hanji, sai sun bi jini sun ratsa huhu kafin su dawo ciki su girma. A kwanakin ratsawar yaro na iya tari da fiton ƙirji, iyosinofil ya yi sama, kamanninsa sak mai asma. Likitan nan ɗan Suwizalan, Wilhelm Löffler, ya bayyana irin wannan yanayi tun 1932. Tsutsar da ke haddasa tundurmi ita ma tana da nata salon, tari da shaƙewa cikin dare tare da iyosinofil na fitar hankali. Wani bincike a Ghana kuma ya nuna yara masu tsargiya da gwaji ya ce suna da IgE na gyaɗa, alhali suna cin gyaɗarsu lafiya, saboda garkuwar da jikinsu ya yi wa tsutsar tana kama wasu sinadarai masu kama da nata a jikin tsirrai. Ashe ko gwajin takamaimai ɗin ma tsutsa na iya ruɗa shi.

Shi ya sa GINA ta ce idan iyosinofil ya kai 300 ga mai asmar da ta ƙi jin magani, a fara neman wasu dalilai, har da tsutsa, kafin a ƙara ƙarfin magani. Wannan gargaɗi yana da nauyi. Akwai wata tsutsa mai suna Strongyloides da ke shiga ta fatar ƙafa ta zauna shekaru ba a sani ba. Idan aka ɗora mai ita kan sitiroyid na haɗiya, takan yaɗu ko'ina a jiki har ta kai ga kisa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. A ra'ayina, a ƙasarmu duk takardar da ta nuna iyosinofil ya hau, takarda ta biyu da ya kamata ta biyo ta ita ce ta gwajin bayan gida da fitsari.

Sauran alamomin ba su kai waɗannan ƙarfi ba, ko da yake ana yawan rubutu a kansu saboda arha. CRP, wani sinadari da aka gano a New York a 1930, hanta ce ke fitar da shi duk lokacin da wani wuri a jiki ya kumbura. Bai san huhu daga ƙafa ba. Maleriya na ɗaga shi, ƙurji na ɗaga shi, ƙiba ma na ɗaga shi kaɗan. An gwada nau'insa mai kaifin gani, wanda ke kama ɗan ƙaramin hawa, a kan yara masu asma, sakamakon ya zo a rarrabe: wasu sun ga alaƙa, wasu ba su gani ba. Amfaninsa na gaskiya ga yaro mai shaƙewa shi ne ya sa likita ya yi tunanin limoniya idan ya hau sosai tare da zazzaɓi.

Sai lissafin da ya yi tashe a 'yan shekarun nan, wato a raba adadin niyutrofil da na limfosayit, wasu nau'o'i biyu na fararen ƙwayoyi, a sami lamba guda. Ba ya cin ko kwabo, tun da duka biyun suna kan takardar FBC. Bincike da dama sun nuna lambar tana hawa lokacin tashin asma, ta fi hawa ga yaran da aka kwantar. Na yarda da hakan, amma dubi abubuwan da ke motsa ta. Firgicin shaƙewar kansa yana ɗaga niyutrofil. Sitiroyid yana ɗaga niyutrofil ya kuma sauke limfosayit, don haka yaron da aka fi ɗura wa magani shi ne lambarsa za ta fi muni, ko da maganin na aiki. Shekaru ma na da tasiri: daga makon farko na haihuwa zuwa wajen shekara 4 ko 6 limfosayit ne ke rinjaye a jinin yaro, daga baya lamarin ya juya. Sannan akwai abin da ya keɓanta da mu. Mafi rinjayen mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Duffy, rashin da ke ba da kariya daga nau'in maleriya na vivax, kuma masu wannan gado niyutrofil ɗinsu a jini yakan yi ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba. Mai sikila kuma akasin haka: fararen ƙwayoyinsa da CRP ɗinsa a sama suke ko ranar da yake lafiya. Iyakar lambar da aka yanka a Turkiyya ko Sin ba za a ɗauko ta a ɗora wa ɗan Katsina ko Maraɗi kai tsaye ba.

Feriyostin, wani sinadarin furotin da ake aunawa a jini, ya yi suna a binciken manya, amma ƙashin da ke girma yana zubo shi cikin jini, saboda haka a jikin yaro girman ƙashi ne ake aunawa fiye da asma. ECP, gubar da iyosinofil ke fesawa, lambarsa na canzawa gwargwadon daɗewar jinin a kwalba da zafin ɗakin kafin a tace shi, abin da ke da wuyar kiyayewa a inda wutar lantarki ba ta tsayawa.

Inda gwajin jini ya zama dole shi ne wajen sababbin alluran da ake yi wa masu asma mai tsanani. Amurka ta amince da omalizumab ga 'yan shekara 6 zuwa 11 a 2016, mepolizumab a 2019, dupilumab a 2021. Na farko ana lissafa adadinsa da nauyin yaro da yawan IgE. Sauran biyun ana duba iyosinofil kafin a zaɓa. A gwajin dupilumab kan yara 408, tashin asma mai tsanani ya ragu da fiye da rabi. A gwajin mepolizumab kuwa, wanda aka yi kan yaran unguwannin talakawa a biranen Amurka aka wallafa a 2022, raguwar kashi 27 cikin 100 ce kawai, duk da cewa maganin yana kakkaɓe iyosinofil daga jini. Wannan ya nuna akwai wasu hanyoyin kumburi da ke ci gaba da aiki, waɗanda hayaƙi, gurɓatacciyar iska da ƙwayoyin mura ke tayarwa. Yaronmu da ke shaƙar hayaƙin itace da na janareta, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Bodele a Chadi, ya fi kama da waɗancan yaran. Kuɗin alluran kuma dubban daloli ne a shekara, don haka a yanzu zancensu ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu.

Idan yaro na cikin tashin asma, jikinsa ne ke ba da amsar, kuma nan take. Yana iya ƙarasa jimla ko numfashi na katse shi? Yana iya shan nono ko ruwa? Haƙarƙarinsa da ramin wuyansa na lotsawa? Numfashin ya wuce 40 a minti ga ɗan shekara 2 zuwa 5, ko 30 ga wanda ya fi haka? 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna iskar oksijin ƙasa da 92? Yaron da ƙirjinsa ya daina fito alhali yana ta fama, ko ya fara gyangyaɗi, ko leɓɓansa da harshensa suka sauya launi, yana bakin haɗari, kuma jiran sakamakon jini a wannan lokaci ɓata minti ne masu tsada. Ko asmar da ake kira mai sauƙi tana kisa. Da Birtaniya ta binciki mutuwar mutum 195 a rahotonta na 2014, sama da rabin waɗanda aka iya tantance matakin cutarsu ana kula da su ne a matsayin masu asma mai sauƙi ko matsakaiciya.

Matsalarmu ta fi girma tun kafin a kai ga ɗakin gwaji. Binciken ACACIA, wanda aka wallafa a 2024, ya tambayi ɗalibai sama da 27,000 a Legas, Kumasi, Kampala, Blantyre, Harare da Durban. Kusan 12 cikin 100 sun yi fiton ƙirji a shekarar da ta gabata, amma ɗaya cikin biyar ɗinsu kawai likita ya taɓa ce wa yana da asma. Sauran suna yawo da sunan sanyi ko limoniya, ana ta ba su maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta. Cikin waɗanda aka gano ma, da yawa shuɗiyar inhelar nan ta salbutamol kaɗai suka sani, wadda ke buɗe hanya na 'yan sa'o'i ba ta taɓa kumburin. Wasu iyayen kuma na gudun inhela gaba ɗaya, wai in yaro ya fara ba zai iya rabuwa da ita ba, abin da ba haka yake ba. Yawancin yaran da ake cewa asmarsu ta gagara, in aka bincika, maganin rigakafin tashin asmar, wato sitiroyid na shaƙa, ne babu, ko ya ƙare ba a sayo ba, ko ana fesa shi a baki ba ya isa huhu. Tun 1999 Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a Cape Town suka nuna cewa robar lemo mai cin rabin lita, in aka huda gindinta aka soka inhela, tana kai magani huhun yaro kamar mazubin da ake haɗa wa inhela wanda ake saya da tsada.

Ga likita ko jami'in lafiya da ke son amfana da ƙidayar iyosinofil, hanyar tana da sauƙi. A ɗebi jinin ranar da yaro ke cikin lafiyarsa, babu zazzaɓi, an kuma sami aƙalla mako biyu rabonsa da sitiroyid na haɗiya ko allura. A nemi adadin ƙwayoyin kansa. Idan ɗakin gwajin kaso cikin ɗari kawai ya rubuta, a lissafa da jimillar fararen ƙwayoyi, misali kashi 5 na 8,000 ya zama 400. In ya hau, a duba bayan gida da fitsari, a ba da maganin tsutsa ko na tsargiya idan an samu, a sake aunawa bayan wasu watanni. In ya yi ƙasa alhali yaron na tashi da tari dare uku a mako, a bi yaron a bar takardar. Su kuma asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, aikin da ke jiransu shi ne su auna jinin yaranmu masu lafiya da masu asma, na birni da na ƙauye, kafin maganin tsutsa da bayansa, rani da damina, su fitar mana da lambobin da za mu riƙa kwatanta takardar uwar nan da su.